Akwati huɗu a kan amfilifaya ɗaya: yadda bes ɗin wani mai hayar kayan sauti ya ƙone sau biyu a ƙasar Ringim

Wata Litinin da hantsi, cikin tsananin bazarar bara, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar shagona a Ringim, aka sauke akwatunan bes huɗu, wato lasifikokin sauti mai kauri, da amfilifaya ɗaya. Warin ƙonanniyar waya da gam ya riga su shigowa. Duk wanda ya daɗe yana gyaran lasifika ya san warin nan, ya kuma san ba ya zuwa da labari mai daɗi.

Mai kayan dattijo ne daga wani ƙauye a hanyar Gujungu, manomin gero da riɗi, wanda ya haɗa da hayar kayan sauti a bikin aure, walimar sauka, Maulidi da taron siyasa. Alhaji kawai zan kira shi. Tare da shi akwai ɗan ƙaninsa, saurayi mai natsuwa, wanda shi ke zama a bakin mikisa a wurin taro.

"Injiniya, an cuce ni," in ji Alhaji bayan mun gaisa. "Ko mai naɗin koyil ne, ko wanda ya sayar min da kayan, ko kuma baki ne. Shekara uku ina aiki da amfilifayar nan ko tari ba ta taɓa yi ba."

Na ce ya zauna ya ba ni labarin tun daga tushe, kada ya tsallake komai. Ruwa ba ya tsami banza.

Kayan da yake da su tun farko

Akwatin bes biyu, kowanne da lasifika ɗaya mai inci 18, om 8 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta). A gaban kowanne an liƙa takarda mai ƙyalli an rubuta wat 2000. Sai akwatunan murya biyu masu inci 15 da tuwita, wato ƙaramar lasifikar siririn sauti, su ma om 8. Amfilifaya mai baki biyu, a fuskarta an rubuta wat 3000. Mikisa ƙarama, da janareto mai kVA 2.5.

Waɗannan manyan lambobi su Alhaji ya haddace, da su yake cika baki a majalisa. Amma lambar gaskiya ba a goshi take ba. A bayan maganaɗisun lasifikar an rubuta wat 500 RMS, wato ƙarfin da za ta iya ɗauka a kai a kai ba tare da ta ƙone ba. A ƙa'idar da manyan kamfanoni ke bi, awa 2 ake yi ana ɗura mata sauti kafin a ba ta wannan lamba. Ninkin ta biyu, wat 1000, shi ne abin da suke cewa za ta jure a cikin kiɗa mai hawa da sauka. Ninkin ta huɗu, wat 2000, ƙiftawar ido kawai za ta iya ɗauka. To wannan ta ƙiftawar idon ita ake liƙawa a gaba don ta fi sayar da kaya. Akwai ma wata mai suna PMPO da ake bugawa a jikin kwalin rediyo, wadda ba ta da wata ƙa'ida, kowa abin da ya ga dama yake rubutawa.

Amfilifayar ma haka. A ƙaramin rubutun da ke bayanta: wat 450 kowane baki a kan om 8, wat 700 a kan om 4, kuma kada a ɗora mata ƙasa da om 4.

Tsohon haɗinsa, ba tare da ya sani ba, daidai yake. Bes biyu a baki ɗaya, murya biyu a ɗaya bakin. Lasifika biyu masu om 8 in aka jona su kafaɗa da kafaɗa suna komawa om 4. Wat 700 ya rabu biyu, kowace ta samu 350, alhali tana iya ɗaukar 500. Ba wanda ya wahala. Shi ya sa aka yi shekara uku lafiya.

Ƙarin da ya jawo rigima

Da kaka ta yi, aure ya yawaita, wani mai haya daga garin da ke kusa ya fara ƙwace masa aiki don nasa bes ɗin ya fi dukan ƙirji. Alhaji ya sayar da riɗi ya shiga Kano, ya sayo lasifika biyu masu inci 18 na hannu a Sabon Gari, kafinta ya ƙera musu akwati irin na tsofaffin, har da jona wayoyin ciki. A lissafinsa, amfilifaya mai wat 3000 ai ba ta fara aiki ba ma.

Bayan kowane akwati akwai soket biyu, ɗaya shiga ɗaya fita. Sai yaron ya ja waya daga amfilifaya zuwa akwati na farko, daga na farko zuwa na biyu, har na huɗu. A ido kamar jerin gwano ne, ɗaya na bin ɗaya. A cikin akwatin kuwa soket biyun nan a haɗe suke, don haka duk huɗun kai tsaye suke shan wuta daga baki ɗaya.

Bikin farko da suka fita da akwati huɗu, abin mamaki ya faru: bes ya ragu. Yaron ya rantse min cewa da akwati biyu ya fi jin dukan a ƙirjinsa. Ga jama'a sun cika fili, ga Alhaji ya riga ya yi alkawarin yau sai an ji su a ƙauyen gaba.

"Baffa ne ya aiko a ce in ƙara," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Na ƙara boliyom, bai isa ba. Na murɗa bes na mikisa har ƙarshe."

Jar fitilar amfilifaya ta kama ta zauna. Na tambaye shi me ya ɗauka take nufi. Ya ce shi a saninsa alama ce injin ya kama aiki sosai. Ba shi kaɗai ba ne, na sha jin wannan amsa. Kafin a tashi ɗaya daga cikin sababbin akwatunan ya yi shiru, yana wari.

Aka kai wa mai naɗi ya sake naɗa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika. Aka ci gaba da fita da huɗun. Sai sabuwar matsala: ana cikin kiɗa amfilifaya ta ɗauke, ta yi minti biyu ko uku, ta dawo. A wurin walima ana iya haƙuri, a wurin biki kuwa abin kunya ne. Alhaji ya kai ta wurin wani mai gyaran rediyo, shi kuma ya ga rile ne, wato makunnin kariya da ke cikinta, ke yankewa, sai ya haɗe shi kai tsaye, ya cire wayar na'urar da ke jin zafi. Ta daina ɗaukewa. Alhaji ya yi ta sa masa albarka.

Hunturu ya rufa musu asiri, don dare da sanyi. Da bazara ta shigo, ana kukan targaɗe sai ga karaya. A wani biki, wajen ƙarfe goma na dare, aka ji wani gurnani mai kauri, sannan ƙara ɗaya kamar an fasa tulu, hayaƙi ya fito daga akwati biyu, fiyus ya tashi. Shi ne washegarin washegari suka iso shagona.

Abin da na gani a kan benci

Na fara da kwance lasifikokin duka. Wadda aka taɓa naɗawa na goge ƙurar bayanta da tsumma, sai ga rubutu ya fito: om 4, wat 300. Girmanta ɗaya da sauran, inci 18, amma koyil ɗinta inci 3 ne, na tsofaffin inci 4. Na buga wa mai naɗin waya, don na san shi. Ya ce yadda ya same ta haka ya mayar, kaurin waya ɗaya, zagaye ɗaya, kuma da ya gama mita ta nuna masa 3 da ɗan ɗoriya. Gaskiyarsa. Mita ba ta nuna cikakkiyar lambar: lasifika mai om 8 takan nuna tsakanin 5 da rabi zuwa 7, mai om 4 kuma wajen 3. Ba a ce masa ya sauya ta ba, ba a kuma gaya masa da su wa take aiki ba. Na wanke shi a gaban Alhaji.

Ga yadda na yi wa Alhaji bayani, tunda shi ma yana noman rani a fadama. Amfilifaya injin ban ruwa ce, lasifika kuma tiyo. Om shi ne ƙuncin tiyon: in lambar ta yi yawa tiyon siriri ne, in ta yi kaɗan mai faɗi ne. Duk tiyon da ka ƙara jonawa, injin ne zai ƙara fitar da ruwa. Mai om 8 guda biyu sun zama 4. Guda huɗu sun zama 2. Nasa kuwa uku masu 8 ne da ɗaya mai 4, wanda ke daidai da masu 8 guda biyar, wato om 1.6. Injin da aka ce kada a sauko masa ƙasa da 4.

A lambobi: don amfilifayar ta ba da wat 700 a kan om 4, tana fitar da wajen bolt 53 da amfiya 13. In aka ce ta riƙe wannan bolt ɗin a kan om 1.6, amfiya 33 ake nema a wurinta. Tiransistocinta ba a yi su don haka ba. Ɗaukewar da ta riƙa yi ba lalacewa ba ce, ceton kanta take yi.

Kuma ruwan ba ya rabuwa daidai. Tiyo mai faɗi ya fi sha. A ce ana bolt 40: kowace mai om 8 tana karɓar wat 200, mai om 4 tana karɓar 400. Wato wadda ta fi kowa rauni, mai wat 300, ita aka ɗora wa ninkin kayan 'yan'uwanta. Dole ita ta fara faɗuwa.

Wannan ya bayyana ƙonewar. Bai bayyana abin da ya fi damuna ba: me ya sa akwati huɗu suka kasa biyu ƙarfi? Don da bes ya fito yadda ake so, da yaron bai ƙure komai ba.

Na bi wayoyin cikin akwatunan ɗaya bayan ɗaya. A cikin akwatin mai om 4 ɗin nan dai, kafinta ya juya su: jar waya ta tafi inda baƙa ya kamata ta je. Lasifika tana aiki ko an juya mata waya, in ita kaɗai ce ba za ka taɓa ganewa ba. Amma a cikin 'yan'uwanta, lokacin da uku ke tura iska gaba ita tana ja baya. Kamar mota ce ta maƙale a yashi, mutum uku na turawa daga baya, ƙato ɗaya ya tsaya a gaba yana turo ta. Kuma ƙaton shi ne wanda ya fi kowa shan wuta. Abin da ya rage bayan an yi wannan kokawa bai kai aikin akwati biyu masu tafiya tare ba. Kunnen yaron bai yi masa ƙarya ba.

Abin takaicin, batir ɗaya na tocila ya isa ya tona wannan. Ka taɓa kan batir da jar waya, gindinsa da baƙa, ka kalli takardar lasifika: in ta yo waje daidai ne, in ta shige ciki an juya. Minti ɗaya kowane akwati. A soket nake gwadawa, ba a jikin lasifikar ba, don a tsakaninsu ne ake yin kuskuren.

Jar fitila

A nan na fi daɗewa da yaron, don shi ne zai koma bakin mikisa.

Kunne da wat ba tafiya ɗaya suke ba. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarfin sauti, abin da za a ji an ɗan ƙara ne kurum. Kafin mutum ya ce sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato wat ninki goma. Maɓallin bes na mikisa kuwa, ɗan ƙaramin nan da ake murɗawa da yatsa biyu, yana ƙara desibel 12 zuwa 15 in an ƙure shi. Desibel 12 na nufin kana neman ninki 16 na wutar da kake sha a da. Babu amfilifayar da za ta ba ka. Ga shi a fili ake, ba bango ba rufi: duk sanda nisa ya ninka, desibel 6 ya tafi. Wanda ke mita 16 daga akwati ya rasa desibel 24 a kan wanda ke mita ɗaya. Alhaji yana can bayan taro yana aike a ƙara, bai san abin da yake nema ba.

In aka tambayi amfilifaya abin da ya fi ƙarfinta, sai ta aske kan sautin. Jar fitilar abin da take faɗa ke nan. Kiɗa na asali duka ne da hutu: ganga ta buga, wuta ta hau, ta sauka, koyil ya sha iska. A kan haka matsakaicin abin da lasifika ke sha ba ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin amfilifaya. In fitilar ta zauna, hutun ya tafi, dukan ya zama ɗaya miƙaƙƙe. Sautin da aka aske ƙarshen askewa yana iya ɗaukar kusan ninki biyu na wat ɗin da aka rubuta wa amfilifayar.

Ina wutar take zuwa? Abin da lasifika ke mayarwa sauti bai kai 5 cikin 100 ba. Sauran duk zafi ne, a cikin 'yar siririyar wayar tagulla da aka naɗe aka liƙe da gam. Tagulla kuma in ta yi zafi tana ƙara taurin kai ga wuta, wajen 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Koyil ɗin da ya kai digiri 200 ya ƙara wajen kashi 70 cikin 100, sai sauti ya ragu da kansa. Shi ya sa masu kiɗa ke cewa in dare ya yi nisa bes yana gajiya. Mai mikisa ya ji ya ragu, ya ƙara, zafi ya ƙaru, ya sake raguwa. Haka ake yi har gam ya narke.

Akwai maganar da ke yawo a tsakanin masu sana'ar nan, wai ƙaramar amfilifaya ce ke ƙona lasifika, babba ba ta ƙonawa. Rabin gaskiya ce. Amfilifaya mai wat 50 ko ta kwana tana jar fitila ba za ta ƙona bes mai wat 500 ba, tuwita dai za ta iya kashewa. Babba kuma in ta samu hannun da ba ya jin magana, cikin minti kaɗan za ta gama da shi. Zafi ne ke ƙonawa, ko daga ina ya fito.

Amma ƙonewar dare na ƙarshe ba irin wannan ba ce, gawarwakin ma sun nuna. Koyil ɗin da zafin kiɗa ya ci yakan yi baƙi ko'ina daidai. Waɗannan biyun gefe ɗaya suka fi ƙonewa, takardar ta turo waje ta tsaya. Wannan aikin tsayayyiyar wuta ce. Da na buɗe amfilifayar na samu tiransistoci na bakin bes sun narke sun haɗe, sai wutar cikin injin, bolt masu yawa, ta zubo kai tsaye cikin lasifikoki, ba motsi ba shan iska. Aikin rile ke nan: ya ji irin wannan wuta ya yanke kafin ta isa akwati. Shi ne aka haɗe. Ba na son kushe abokin sana'a, amma wanda ya yi wannan aikin ya cire wa mota birki ne don tana yawan tsayawa.

Sakamako: mai om 4 ta sake ƙonewa, tsohuwa ɗaya ta ƙone ƙurmus, ɗaya tsohuwar koyil ɗinta ya kumbura yana gurzar maganaɗisu. Sabuwa mai om 8 ce kaɗai ta tsira, ita ma don tana ƙarshen layi kuma yara masu rawa sun taka wayarta ta zare tun da wuri.

Abu biyu suka taimaka wa ɓarnar, ban ba su babban laifi ba. Janareton yana ɗauke da fitilun fili da fanka, in bes ya buga sai ka ga fitilu suna lumshewa. Irin wannan amfilifaya mai tiransifoma, in wuta ta sauko daga bolt 230 zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi, jar fitila ta riƙa kamawa da wuri. Sai wayar lasifika: siririyar nan ce ta jona ƙwan lantarki, mai kaurin 0.75, tsawon mita 20. Zuwa da dawowa ita kaɗai ta kai om 1. Wani ɓangare na man da Alhaji ke saya, waya yake ɗumamawa. Wataƙila ma ita ta ɗan sassauta wa amfilifayar nauyi har ta kai bazara.

Gyaran, da gardamar da muka yi

Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Injiniya, kenan in sayo amfilifaya mai wat 10,000 in huta." Na ce a'a, kuɗin da ke hannunsa ma ba su kai ba, kuma ba nan ciwon yake ba.

Mun yi shi hawa-hawa. Da farko na sauya tiransistoci, na mayar da rile da na'urar jin zafi, na busa ƙurar hunturu da ta toshe hanyar iskar fanka. Tsofaffin lasifika biyu aka sa musu sabon koyil da takarda, aka koma tsohon haɗi na akwati biyu. Damina ta shigo, taro ya yi ƙaranci, aka lallaɓa a haka.

Da kaka ta zagayo ya sayo lasifika mai om 8, wat 500, irin wadda ta tsira, na gyara wayar akwatin. Yanzu huɗu duk om 8, amma amfilifaya ɗaya. Sai na yi masa wayar haɗi ta musamman: tsofaffin biyu a jere na gaskiya, wuta ta ratsa ɗaya ta shiga ɗaya, om 16. Sababbin biyu ma haka, 16. Layi biyun kafaɗa da kafaɗa, aka dawo om 8. A irin wannan jeri iri ɗaya ake haɗawa da iri ɗaya, shi ya sa ban gauraya su ba. Amfilifaya tana ba da wat 450 kawai, kowane akwati 112 da ɗan kai. Alhaji ya ji lambar ya ɓata rai, ya ce an mayar da shi baya. Na ce a fitar da su fili a jera su manne da juna. Bes ya fito ya ɗan ɗara na akwati biyu masu shan wat 700, amfilifaya kuma ko ɗumi ba ta yi sosai ba. Dalili: akwatunan bes in suna manne kuma suna tafiya tare, ninka yawansu na ƙara wajen desibel 3 ba tare da an ƙara wuta ba. Faɗin takardar da ke tura iska ya yi aikin da boliyom ya kasa.

Bayan 'yan makonni aka zo sayen amfilifaya ta biyu, ta bes kaɗai. Abin da kamfanoni ke shawarta shi ne a ɗauki wadda ƙarfinta ya kai na lasifika ko ya ninka shi har sau biyu, don ta samu sarari kada ta riƙa aske sauti. Ga wanda ke da ƙwararren mai mikisa, hakan daidai ne. Ni ban bi na ninki biyun ba. Na san filin, na san zafin Afrilu da ke haura digiri 40, na kuma san Alhaji zai sake aikowa a ƙara. Muka ɗauki mai wat 1000 kowane baki a kan om 4: akwati biyu a kowane baki, kowanne wat 500 cif. Tsohuwar ta koma kan akwatunan murya, ɗaya a kowane baki. Mai sayarwa ya so ya koya wa yaron haɗe baki biyu su zama ɗaya don a samu ƙarin wat. Na hana, don a irin wannan haɗi kowane baki rabin om ɗin yake gani: ka ɗora om 4, kowanne yana ɗauke da 2.

Abin da na dage a kai, har muka kusa ɓatawa, shi ne 'yar na'urar raba sauti mai linzami a ciki, wato abin da ke hana sauti wuce iyaka. Alhaji ya ce akwatin da ba ya ƙara sauti me zai yi da shi. Ita ke tura sauti mai kauri, wanda ke ƙasa da haz 100 a ma'aunin kaurin sauti, zuwa bes, na sama zuwa murya. Ita ke yanke abin da ke ƙasa da haz 40, don akwati mai huda in sauti ya yi ƙasa da inda aka daidaita hudarsa, takarda kaɗawa kawai take yi ba abin da ke riƙe ta, har ta yage ko koyil ya bugi gindi, ko da wat ɗin bai kai ba. Linzamin kuma na saita shi ya kama kafin jar fitila ta kama. An sauya waya zuwa mai kaurin 2.5, aka matso da amfilifaya kusa da akwatuna. Yaron ya koyi kunna amfilifaya a ƙarshe da kashe ta a farko, musamman in ya ji janareto ya fara tari mai zai ƙare. A bayan kowane akwati na rubuta om ɗinsa da wat ɗinsa na gaskiya da farin fenti. Takardun wat 2000 na gaba dai Alhaji ya hana a ɓanɓare, ya ce masu biki su suke kallo.

Janareton ne ba a sauya ba har yau. Amfilifaya biyu da fitilu sun yi wa kVA 2.5 yawa, kuɗin babba kuma bai samu ba. In taron babba ne yakan yi hayar na wani mai walda, in ƙarami ne a tafi da nasa. Don haka na ɗiga fenti biyu a gefen babban boliyom na mikisa: fari, iyakarsa in ana kan ƙaramin inji, ja in ana kan babba. Yaron ya ce min in Baffa ya aiko a ƙara, yakan ɗora hannu a kan maɓallin ya gyaɗa kai, ɗan aiken ya koma ya ce an ƙara.

Mai om 4 ɗin na saye ta a hannun Alhaji a kuɗin ƙarfe, na sake naɗa ta. Tana nan a shago cikin wani tsohon akwati, ita kaɗai a bakinta, da ita nake gwada amfilifayar da aka kawo gyara.